Masu Binciken Ruwa, Ƙasa da Yanayi: Darasi Daga Gonakin Kadawa

Gabatarwa

Duk matafiyin da ya bar birnin Kano a watan Maris ya nufi Zariya, zai ga ƙasa ta bushe, ciyawa ta ƙone, itatuwa sun kaɗe ganye. Amma da zarar ya kusanci Kura, sai idonsa ya faɗa kan wani shimfiɗaɗɗen kore da ya miƙe har Kadawa da Garun Malam, ya kuma karkata gabas zuwa Bunkure. Tumatir ne da albasa da masara da alkama, ga ruwa yana gudu a magudanai kamar ana tsakiyar damina. A kasuwar Kwanar Gafan kuwa, manyan motoci ne ke lodin kwandunan tumatir zuwa kudancin ƙasar nan.

Wani lokaci a bakin irin waɗannan magudanai akan ga wani baƙo da ba manomi ba ne, ba kuma ɗan kasuwa ba. Yana ɗauke da kwalabe da littafin rubutu, yana ɗibar ruwa, ko yana haƙa rami yana zuba ƙasa a leda, ko yana tsintar katantanwa a cikin ciyawar bakin ruwa. Yara kan kewaye shi suna mamaki. Wannan shi ne mai bincike. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana wa ɗalibai da malamansu ko wane ne shi, wace hanya ya bi ya kai ga wannan matsayi, da kuma dalilin da ya sa aikinsa ya shafi tukunyar kowane gida a wannan yanki.

Asalin Ruwan

Ruwan da ke shayar da waɗannan gonaki yana fitowa ne daga madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin mulkin Gwamna Audu Baƙo. An tsara ta ne ta riƙe ruwan da ya kusa kubik mita miliyan 2,000. Daga Tiga ruwan yakan bi babbar magudana ya ratsa ta tafkin Ruwan Kanya, sannan ya rabu zuwa rassa, rassan su rabu zuwa ƙananan magudanai, har ya isa bakin gonar manomi. Babu injin da ke tura shi, gangaren ƙasa ne kawai ke jan sa. Wani kamfanin injiniyoyi na ƙasar Holan mai suna NEDECO ne ya yi aikin tsara shirin, kuma an yi niyyar kashi na farko ya shayar da hekta 22,000. Bayan da Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumomin raya kogunan ƙasa a 1976, sai kula da shirin ya koma hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are.

Gina madatsa aikin 'yan shekaru ne, amma tambayoyin da take haifarwa ba sa ƙarewa. Wane irin alkama ne zai jure yanayin Kano? Ruwa nawa ya kamata a ba tumatir, kuma bayan kwana nawa? Me zai sami ƙasar da ake shayarwa shekara da shekaru ba hutu? Yaya rayuwar mutanen da ke ƙasa da madatsar za ta kasance? Domin amsa irin waɗannan tambayoyi ne Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda tushenta ya faro tun 1922 kuma ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, take da tashar binciken noman rani a Kadawa. Ke nan ɗalibin Garun Malam ba ya bukatar ya ƙetare teku kafin ya ga inda ake aikin kimiyya. Yana nan a bayan gidansu.

Fannoni Huɗu, Gona Ɗaya

Mai binciken ruwa aikinsa awo da lissafi ne. Alal misali, idan aka ce an yi ruwan sama milimita 1, ma'anarsa ita ce kowace hekta ta sami lita 10,000. To, idan a tsananin bazara shuka da ƙasa suna fitar da tururin da ya kai milimita 6 a yini, hekta guda tana asarar lita 60,000 ke nan kullum, wato duro 300 masu cin lita 200. Da irin wannan lissafi ne ake sanin yawan ruwan da za a saki daga Tiga, da kuma yawan wanda ke salwanta a hanya ta hanyar tsiyaya da fashewar magudanai.

Mai binciken ƙasa kuwa ya san cewa yawan ruwa ma cuta ne. Idan ana shayar da gona fiye da kima, kuma magudanan fitar da rarar ruwa sun toshe, ruwan ƙarƙashin ƙasa yakan taso har ya kusanci saiwar shuka, ya hana ta shaƙar iska. Rana kuma takan zuƙe ruwan ta bar gishirin da ke narke cikinsa a saman ƙasa. Sannu a hankali sai a ga fari-fari kamar kanwa, amfanin gona ya riƙa tsumburewa. Mai bincike yakan kafa bututu a cikin ƙasa ya riƙa auna zurfin ruwan kowane mako, ya kuma gwada yawan gishirin a ɗakin gwaje-gwaje, domin a yi gargaɗi tun kafin gona ta mutu.

Masanin halittu yana da nasa rabon. Ruwan da ke kwance ko yake tafiya a hankali gida ne na sauro, gida ne kuma na wata ƙaramar katantanwa da masana ke kira Bulinus, wadda tsutsar cutar tsargiya ke girma a jikinta. Mai cutar yakan yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan su shiga katantanwa su hayayyafa, sannan su fito su huda fatar yaron da ke wanka ko manomin da ke ban ruwa. Maganin cutar yana nan, amma muddin ba a san wuraren da katantanwar ta fi yawa da lokacin da ta fi yaɗuwa ba, wanda aka warkar yau zai sake kamuwa gobe. Haka nan a 2016 wata tsutsa mai suna Tuta absoluta, wadda manoma suka laƙaba wa suna Sharon, ta yi wa tumatir mummunar ɓarna a Kano da maƙwabtanta. Asalinta daga Kudancin Amurka ne, ta shiga ƙasar Sifen a 2006, daga nan ta bazu zuwa Afirka. Tsutsar takan shige cikin ganye da 'ya'yan tumatir ta ɓuya, shi ya sa feshi barkatai bai cika kai mata ba. Masana ƙwari ne suka tantance ta, suka kuma koyar da amfani da tarkon ƙamshi mai jawo mazajen malam-buɗe-littafin da ke haifar da ita.

Mai binciken yanayi yana lura da zafi da sanyi da ruwan sama na shekaru masu yawa. Alkama shukar sanyi ce, hunturu ne ke ba ta damar yin kyau a Kano. Idan aka makara ba a shuka ta a wajajen tsakiyar Nuwamba ba, zafin Maris yakan riske ta tana cikin zuba ƙwaya, sai ta yi shafal. Saboda haka duk wani sauyi a tsawon hunturu ko ƙarfin zafin bazara, magana ce ta riba ko asara ga manomin Kadawa. Mai binciken makamashi kuma yana duban abin da ke ɗaga ruwa a gonakin da magudana ba ta kai gare su. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin tayar da injin ban ruwa ya yi tsalle, hankalin manoma ya ƙara karkata ga famfo mai aiki da hasken rana. Wane girman faifai ne zai ɗaga ruwan da zai ishi kadada guda? Ƙurar hunturu tana rage ƙarfinsa da kashi nawa? Waɗannan tambayoyi ne da sai an gwada a filin Kano kafin a sami amsar da ta dace da Kano.

Matakan Tsani

Hanyar zama mai bincike tana farawa ne daga ajin sakandare. Ana bukatar ɗalibi ya ci darussa biyar da kyakkyawan sakamako a jarrabawar WAEC ko NECO, cikinsu har da Turanci da lissafi, tare da darussan kimiyya kamar ilimin halittu da na sinadarai da fizis, ko labarin ƙasa ko aikin gona, gwargwadon fannin da yake so. Jihar Kano ta daɗe da gane muhimmancin wannan tushe, shi ya sa ta buɗe makarantun sakandaren kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977. Bayan jarrabawar JAMB sai jami'a, inda digirin farko a fannonin kimiyya da labarin ƙasa kan ɗauki shekara huɗu, na aikin gona da injiniya kuma shekara biyar. A shekarar ƙarshe ne ɗalibi ke ɗanɗana bincike a karon farko, domin sai ya rubuta ɗan kundi a ƙarƙashin kulawar wani malami.

Bayan hidimar ƙasa, jami'a takan ɗauki wanda ya yi fice a matsayin mataimakin malami mai neman ƙwarewa. Daga nan sai digiri na biyu, wanda kan ci shekara biyu ko kusa da haka, sannan digirin digirgir, wanda ba ya kasa shekara uku, sau da yawa ma yakan zarce. Bambancin wannan digiri da na baya shi ne, ba a ba da shi don mutum ya haddace abin da wasu suka gano. Dole ne ya zo da wani sabon abu, kome ƙanƙantarsa, ya kuma kare shi a gaban masana, ciki har da wani mai jarrabawa daga wata jami'a dabam.

Muƙaman malanta a jami'o'in Nijeriya hawa-hawa ne: ƙaramin malami, malami mai daraja ta biyu, mai daraja ta ɗaya, babban malami, mataimakin farfesa, sannan farfesa, wanda Hausawa ke kira shehun malami. A bisa al'ada akan yi aƙalla shekara uku tsakanin wani mataki da na gaba, amma daɗewa kaɗai ba ta isa ba. Ana duba koyarwa, da hidimar jama'a, da kuma uwa uba maƙalun da mutum ya wallafa. Kafin mujallar ilimi ta karɓi maƙala, sai ta aika wa wasu masana biyu ko uku su tace ta ba tare da marubucin ya san su ba. Suna iya karɓa, suna iya cewa a gyara, suna iya watsi da ita. Idan kuma aka zo matakai biyu na ƙarshe, akan tattara dukkan ayyukan mutum a aika wa shehunan malamai na wasu jami'o'i su yanke hukunci. Daga digirin farko zuwa kujerar farfesa, ba abin mamaki ba ne a share shekara ashirin. Gaggawa ba ta haihuwar ɗa mai ido a wannan sana'a.

Ba jami'a kaɗai ce mafakar mai bincike ba. Akwai Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Kaduna, da Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya, da Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato da ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da takwararta ta Zariya. A Jami'ar Bayero akwai Cibiyar Noma a Busassun Yankuna, wadda aka kafa a 2012, kuma Bankin Duniya ya zaɓe ta cikin cibiyoyin ƙwarewa na Afirka a 2014. A Yamai ta Jamhuriyar Nijar kuwa akwai cibiyar AGRHYMET, wadda aka kafa a 1974 bayan babban farin Sahel, domin horar da masana yanayi da ruwa da aikin gona.

Waɗanda Suka Riga Suka Taka

Farfesa Emmanuel Olofin na Sashen Labarin Ƙasa a Jami'ar Bayero ya gina sunansa ne a kan wannan kogi. Bincikensa na digirin digirgir ya duba yadda madatsar Tiga ta sauya Kogin Kano a ƙasa da ita. Kogin da a da yake cika ya tumbatsa da damina ya ƙafe da rani, ya koma mai ɗan ruwa duk shekara, kuma wannan ya sauya yadda yashi ke kwanciya da yadda gaɓa ke zaizayewa. Ya ci gaba da rubutu a kan ƙasar Kano, ya kuma yaye ɗalibai masu yawa da suka zama malamai a jami'o'in Arewa.

Michael Mortimore, mutumin Ingila, ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello daga 1962, sannan ya koma Jami'ar Bayero a 1979 ya zauna har 1986. Bayan farin 1973 ya riƙa komawa waɗansu ƙauyuka na arewa maso gabashin tsohuwar Jihar Kano shekara bayan shekara, fiye da shekara goma, yana rubuta abin da manoma ke yi idan damina ta gaza. Littafinsa na 1989 ya nuna cewa manomin Sahel ba mai ɓarnata ƙasa ba ne da jahilci kamar yadda wasu masana ke zato, yana da dabarun sauya iri da sana'a da tafiya ci-rani waɗanda ke tsare rayuwarsa. Ya rasu a 2017, amma har yanzu ana kafa hujja da ayyukansa.

A fannin makamashi akwai Farfesa Abubakar Sani Sambo, wanda ya karanta injiniyan injuna a Zariya, ya yi digirin digirgir a Jami'ar Sussex ta Ingila, ya koyar a Jami'ar Bayero, ya shugabanci cibiyar makamashi ta Sakkwato, ya zama shugaban Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauci, daga baya kuma ya riƙe Hukumar Makamashi ta Nijeriya daga 2005. Tarihinsa ya nuna yadda hanyar da ta faro daga ɗakin gwaje-gwaje kan iya kaiwa ga teburin da ake tsara manufofin ƙasa.

Idan Sakamako Ya Zo da Ɗaci

Ba kullum ne bincike ke faɗin abin da ake son ji ba. A ƙarshen shekarun 1970, Tina Wallace ta Jami'ar Ahmadu Bello ta zauna da manoman wannan shiri, ta kuma nuna cewa ƙaramin manomi da ba shi da kuɗin taki da na haya da na ƙwadago yakan rasa cin moriyar ruwan, har ya ba da hayar gonarsa ga mai hali. A 1985 Gunilla Andrae da Björn Beckman suka fitar da littafin da suka kira tarkon alkama, inda suka yi gardamar cewa noman alkama a manyan shirye-shiryen ban ruwa yana da tsadar da ba za ta bari ya maye gurbin wadda ake shigowa da ita ba.

Darasi mafi nauyi ya fito ne daga gabas. Kogin Kano yakan haɗu da na Challawa su zama Kogin Haɗeja, wanda ke malala a fadamun Haɗeja da Nguru kafin ya shiga Kogin Yobe ya nufi Tafkin Cadi. A can dubban mutane suna rayuwa a kan ambaliyar shekara-shekara: masunta, da masu noman shinkafa, da makiyaya, da masu itace. Ambaliyar ce kuma ke cika rijiyoyinsu ta ƙarƙashin ƙasa. Bayan gina Tiga, da kuma madatsar Challawa da aka kammala a 1992, ambaliyar ta ragu, ruwan da ke gudana kaɗan-kaɗan duk shekara kuma ya ba ciyawar kacalla damar toshe hanyoyin ruwa. A farkon shekarun 1990 Edward Barbier da William Adams da Kevin Kimmage suka ƙiyasta darajar abin da fadamun ke samarwa, suka gano cewa idan aka auna da yawan ruwan da aka yi amfani da shi, amfanin fadamun ya ninka na shirin Kogin Kano nesa ba kusa ba. A 1993 aka wallafa wani littafi a kan fadamun, wanda Ted Hollis da William Adams da Muhtari Aminu-Kano suka tace. Shawarar da ta fito daga waɗannan ayyuka ita ce a riƙa sakin ruwa daga madatsun a lokacin damina domin a kwaikwayi ambaliyar asali.

Wannan ba ya nufin manomin Kura ya yi laifi. Abin da yake nufi shi ne kogi ɗaya ne ke ciyar da na sama da na ƙasa, kuma ba za a yi rabon adalci ba sai da alƙaluma na gaskiya. Mai binciken da ya murɗe sakamako don ya faranta wa wani rai, ya ci amanar mutanen da ba su ma san sunansa ba.

Ƙayoyin Hanya

Bai kamata a ɓoye wa ɗalibi wahalar wannan tafarki ba. Albashin malamin jami'a bai kai na takwaransa da ke kamfanin mai ko banki ba. Kayan aiki sukan yi ƙaranci, wutar lantarki takan yanke ana tsakiyar gwaji, yawan ɗalibai kuma yakan cinye lokacin bincike. Yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 ya ɗauki wata takwas, kuma gwajin da aka shuka a gona ba ya jiran a sasanta. Wasu ƙwararru sukan tafi ƙasashen waje ba su dawo ba. Duk da haka akwai ƙofofi. Asusun TETFund, wanda ya samu wannan suna a 2011, yana ɗaukar nauyin karatun malamai da ayyukan bincike. Shirin TRIMING da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 ya gyara magudanan Kogin Kano, ya kuma ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, aikin da ya bukaci injiniyoyi da masana ƙasa da na zamantakewa.

Akwai kuma giɓin da ya kamata a cike. Mata suna da hannu dumu-dumu a girbi da sussuka da turara shinkafa a yankin Kura, kuma mace mai bincike tana iya shiga gidajen da namiji ba zai shiga ba, ta ji abin da shi ba zai ji ba. Iyayen da suka bar 'yarsu ta karanta kimiyya har ƙarshe, sun yi wa garinsu tanadi.

Kammalawa

Mai lura zai ga cewa da yawa daga sunayen da aka ambata a sama baƙi ne, waɗanda sai da suka koyi harshe da al'ada kafin su fahimci abin da ɗan Garun Malam ya tashi yana gani. Yaron da ya san lokacin da ake buɗe ruwa, ya san gonar da ke yin kanwa, ya san kududdufin da yara ke kamuwa da tsargiya, ya riga ya mallaki rabin kayan aiki. Abin da ya rage masa shi ne horo a kan awo da rubutu da haƙuri.

Malaman makaranta suna iya fara wannan horo ba tare da kashe kuɗi ba. Gwangwani mai miƙaƙƙen baki da abin awon tsawo sun isa a kafa ma'aunin ruwan sama a harabar makaranta. A sa ɗalibai su riƙa aunawa kowace safiya a lokaci guda, su rubuta kwanan wata da adadi a littafi ɗaya, ranar da ba a yi ruwa ba ma su rubuta sifiri. Idan damina ta wuce su tara jimla, baɗi su kwatanta. Makarantar da ta riƙe wannan littafi shekara goma ba tare da tsallake rana ba, ta mallaki abin da masana za su zo nema, kuma wataƙila a cikin yaran da suka riƙe alƙalamin akwai wanda wata rana za a tambaya yawan ruwan da ya kamata a saki daga Tiga.